Shekarar da Na Zama Kunnen Malam

Da na iya riƙe kafaɗuna ran nan, da ban zabura ba, shin da Malam, maigidana, ya ƙara wasu shekaru a duniya? Na san abin da malamai za su ce, kuma na yarda, ban musa ba. Ajali ba ruwansa da kafaɗar kowa. Amma tambayar ta ƙi bari na. Ita ke tashe ni daga kan darduma in fita baranda, in dawo, in sake fita, ban san abin da na je nema ba.

Ni ban yi karatu ba. 'Yata ce ke riƙe da waya, ina faɗa tana rubutawa, ta ce akwai masu karantawa. To ku yi haƙuri da tsohuwa. In na tsaya kuka a tsakiya ku ba za ku gani ba, ita za ta sha fama.

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Faisal, a nan Masar, a wani dogon bene da rana ba ta shiga ɗakunansa sai da roƙo. Maigidana yana aiki a wani kulob na masu harbi, can bayan gari ta wajen hamada. Masu hali ne ke zuwa da ƙananan bindigoginsu na hannu, su jeru, su yi ta harbin takarda, su koma gida. Na daɗe ban gane wannan sha'awa ba. Malam ya ce in ƙyale su, su ma ba su gane abin da muke ji a miyar kuka ba.

Karatu ne ya kawo shi Masar yana saurayi. Ya zauna a unguwar Darrasa cikin ɗalibai, ya yi iya yinsa, amma hannunsa ya fi kansa son aiki. Ɗan maƙeran fari ne na Kano, masu awarwaro da zobe da kayan tagulla. Ni kuwa daga Damagaram aka kawo masa ni. Kun san tsakanin Kanawa da mu, don haka tun ranar farko ba mu rasa abin tsokanar juna ba. Ya ce da ni Badamagara, in ce da shi Bakano in muna mu biyu, a gaban mutane kuma Malam. A haka muka tsufa.

Bari in faɗa muku aikin, don in ba ku san shi ba ba za ku gane sauran ba. Idan aka harba ƙaramar bindiga, dalmar ta tafi, sai bindigar ta tofar da kwanson, ɗan bututun tagulla da bai wuce gaɓar yatsa ba. A kulob ɗin ba a zubar da shi. Akwai wani dattijo Bamisire, Usta ake ce masa, shi ke da takardar izini, shi ke sake cika kwanson a wani ɗaki na baya saboda masu koyo. Yadda yake cikawa ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Aikin Malam kafin nan yake: ya kwashe kwanso daga ƙasa, ya wanke, ya shanya, sannan ya tsince. Domin tagulla tana gajiya. A cika a harba, a cika a harba, wata rana sai ta yi tsaga siririya kamar silin gashi. In aka cika mai tsaga, a hannun mutum yake iya fashewa, dab da fuskarsa.

Usta da gilashi yake dubawa, ɗaya bayan ɗaya. Malam kuwa da kunne. Haka ya ga mahaifinsa yana gwada awarwaro, a sake shi a kan dutse a saurara. Sai ya cika tafinsa da kwanso ya zuba a ɗaya tafin. Lafiyayye muryarsa garau take, mai tsaga kuwa a shaƙe. In ya ji shaƙaƙƙiyar murya a cikin taron sai ya raba biyu, ya sake zubawa, ya sake rabawa, har ya kama mai laifin. Abin da ya wuce kunnen Malam shi ke zuwa gaban gilashin Usta. Haka suka yi shekara da shekaru, kunne da ido, ba a taɓa jin hannun wani ya yi rauni ba. Malam ba mai alfahari ba ne, amma da wannan kam yana yi. Ana ba su abin toshe kunne a wurin, shi kuwa mai aiki da kunne yaushe zai yi ta toshewa? Ya rataye shi a wuya kamar laya.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai san wata rana na ce masa, “Malam, gas ya ƙare,” ya ce, “Amin.” Wata rana kuma na tura shi baranda ya tsayar mana da mai gas. Kun san masu gas na nan, da sifana suke dukan tukunyar, har ƙarshen layi ana ji. Na leƙo na tarar mutumin yana ta duka a ƙarƙashinmu, Malam kuwa ya jingina da ƙarfen baranda yana kallon wancan ɓangaren, yana jira. Ni da wautata na ɗauka sabon salon wulaƙanci ne na Kanawa. Na yi kwanaki ina fushi da mutumin da bai ma san ana yi ba.

Wata la'asar ya dawo da jakar cefane ta fi kullum nauyi. Ya cire burodin aish da ganyen lalo da ke sama, ya ɗauko tiren da nake tsintar shinkafa, ya juye abin da ke ƙasa. Ɗakin ya cika da ƙara.

Na ce, “Innalillahi! Malam, harsashi a gidana?”

Ya ce, “Fanko ne, Badamagara. Ko sauro ba zai kashe ba.”

“Sai ka je ka gaya wa 'yan sanda haka.”

Bai amsa ba, don ya sunkuyar da kai, bai ga bakina ba. Ya daɗe yana juya kwanson da yatsa. Can ya ce, “Jiya Usta ya kama waɗansu da suka wuce ni. Bai ce komai ba. Ya dai jera mini su kusa da kofin shayina.” Ya ɗebi tafi guda ya zuba a ɗaya tafin. “Ina gani suna zuba. Amma kamar auduga nake zubawa.”

Wannan ne karo na farko da ya faɗa da bakinsa. Na zauna a ƙasa kusa da tiren.

Za ku ce ta yaya wanda ba ya ji zai koya wa wani ji? Yana da dabara. Masu tsagar da Usta ya jera masa, ya ƙullo su a hankici. Sai ya juya mini baya, ya cika tafinsa, wani lokaci ya saka mai tsaga a ciki, wani lokaci bai saka ba. Ya juyo ya zuba kusa da kunnena, idonsa a kan fuskata. Da farko duk ɗaya nake jin su, kamar an zubar da cokula. Ya ce, “Ashe kunnen Damagarawa na ado ne, sai ɗan kunne.” Na ce ai gara namu, muna da abin ratayawa. Amma da muka yi ta yi sai na tuna yadda mahaifiyata ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin ta saya. Ita ce muryar, ba wata ba. Mai tsaga yana magana kamar mai mura a cikin masu lafiya. Ranar da na fara kama shi sau da yawa a jere, Malam ya tashi ya shiga banɗaki ya daɗe, ya fito idonsa ja, ya ce sabulu ne.

Daga nan ya zama aikinmu. Ya wanke ya shanya a can, ya ɗauko da yamma a ƙarƙashin burodi, mu tsince kafin magariba, da safe ya mayar.

Ni kuwa tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Hanyarsa tana da shingen 'yan sanda, wanda nan ake ce wa kamin, inda ake tsayar da motoci a duba. Ga baƙo, ga baƙar fata, ga jaka cike da kwanson harsashi. Da ya fita sai in kasa zama. In ɗora tukunya in manta ban kunna wuta ba. In share ɗaki, in sake sharewa. Duk mikrobas, ƙaramar motar haya, da ta tsaya a bakin layi sai na leƙa. In mai gadin bene ya ƙwanƙwasa ƙofa don ya ce za a ɗauke ruwa, sai in cusa tiren a ƙarƙashin gado ko da shinkafa ce a kai.

Ga kuma maƙwabciyata, wata Bamisiriya mai kirki da baki, tagar kicin ɗinta tana kallon tawa. Wata rana ta leƙo ta ce, “Ya Hajja, wace amarya kike haɗa wa awarwaro? Kullum yamma kacau-kacau.”

Na ce, “Cokula nake wankewa.”

Ta ce, “Ku biyu ne fa a gidan. Ko kowace loma da cokalinta kuke ci?”

Daga ranar na koma rufe taga, mu zauna cikin zafi muna gumi.

Amma kar in yi ƙarya, akwai daɗi a ciki. Tun muna amarci ba mu taɓa zama gwiwa da gwiwa haka ba. Da can in ya dawo sai ya ci abinci ya kama gyaran wani abu, famfo ko rediyon wani. Yanzu kuwa dole ya zauna ya zuba mini ido, domin a fuskata yake karanta kwanson. Ya ce girata ta hagu tana motsi kafin bakina ya buɗe. Wani lokaci in ce, “Bakano, kallon ya isa haka.” Sai ya ce, “Aiki nake, kar ki ɗauka wani abu ne.”

Na sha ce masa ya gaya wa Usta gaskiya. Sai ya ce, “In ce masa me? Ya ci gaba da riƙe kurma a aikin ji?” In na matsa sai ya kau da kai, shi ke nan an rufe zance. Faɗa da wanda ba ya ji sai wanda ya gwada. Ni ina ɗaga murya har mutanen hawa na ƙasa suna ji, shi kuwa ya juya fuska ya huta.

Muka yi watanni a haka. Sai ranar da nake tsoro ta zo.

La'asar ta yi bai dawo ba. Na ce cunkoso ne. Na fita baranda, na dawo, na ɗumama miya, na sauke. Na sa hijabi na sauka har bakin titi, na tsaya cikin hayaƙin motoci ina leƙa kowace mikrobas, yaran mota suna ce mini, “Yalla ya Hajja, za ki ko ba za ki ba?” Na hau sama don kar ya zo ya tarar ba na nan. Na sake saukowa. Gwiwoyin nan da yanzu ba sa kai ni masallaci, ran nan ban san suna jikina ba. Rana ta kusa faɗuwa sai na ji takun mutum biyu a matattakala, ɗaya na Malam, ɗaya mai nauyi yana haki.

Ran nan na fara ganin Usta. Gajere ne mai tumbi da farin gashin baki, fuskarsa ta yi jajir. Bai jira an ce ya zauna ba. Daga bakinsa na ji abin da ya faru. An tsayar da motarsu Malam a shinge, aka ce kowa ya sauko. Kowa ya sauka, Malam yana can kujerar gaba kusa da taga, rungume da jaka, bai san an yi magana ba. Aka maimaita, bai motsa ba. To mutumin da ya ƙi saukowa yana rungume da jaka, ai dole a buɗe ta. Aka tafi da shi ofishin 'yan sanda. Katin kulob ɗin da ke aljihunsa ne ya sa aka kira Usta, ya kwaso takardunsa, ya daɗe yana bayani da rantsuwa kafin a sake shi.

Larabcina na kasuwa ne, amma fushi ba ya buƙatar tafinta. Usta ya ce, “Ya Hajja, mijinki ya kusa rufe mini ɗaki! Ya kusa kai ni kurkuku da furfurata!” Ya juya ga Malam. “Shekara nawa muna cin burodi ɗaya? Faɗa mini gaskiya. Sayarwa kake yi? Kasuwar Ataba kake kai tagullar a auna maka?”

Malam yana tsaye, hularsa a karkace, ya ga bakin Usta ya tsaya, ya san an yi masa tambaya. Sai ya yi abin da ya saba yi a wurin aiki duk tsawon lokacin nan. Ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya ce, “Aiwa, ya Usta. Tamam.”

An tambaye shi ko ɓarawo ne, ya ce e.

Ban taɓa sa baki a maganar maza ba, kuma na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Amma wannan ya fi ƙarfina. Na ce, “Usta, ba ya jin ka. Ko kalma ɗaya bai ji ba.” Na shiga na jawo tiren daga ƙarƙashin gado na ajiye a gabansa, da hankicin masu tsaga a kai. Na ce nan ake tsincewa, da safe a mayar, ko ɗaya bai taɓa kwana biyu a gidan nan ba.

Usta ya dubi tiren, ya dubi Malam, ya zauna a hankali. Ya ce, “Na yi zargi. Wallahi na yi zargi. Amma sai aikin ya dawo tsaf kamar da, na ce Allah ya ba shi lafiya.”

Na ce, “Ni ce lafiyar.”

Ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya share fuska da hankici. Na kawo shayi. Da ya sha ya huce sai ya ce, daga yau ko kwanso ɗaya ba zai sake fita ƙofar kulob ba, khalas, wannan ba roƙo a ciki. Kuma ba zai iya riƙe Malam don shara kawai ba, masu kulob suna da samari na wannan. “Amma ɗakin baya yana ɗaukar kujera biyu. Hajja ta zo ta zauna da shi. Shi hannu, ita kunne. Ni zan yi magana da manaja.”

Bayan ya tafi na sa bakina a kunnen Malam na hagu, wanda ya ɗan rage, na yi ta ihu har ya gane. Da ya gane maganar kujera biyu sai ya ce, “A'a.”

Muka yi kwanaki muna abu ɗaya. Ni na san mijina. Mutumin da ko ranar Juma'a ba ya iya zama, sai ya nemo makullin da bai lalace ba ya kwance shi. Na san in aka zaunar da shi a gida an gama da shi. Na faɗa masa haka, da baki da hannu da hawaye. Shi kuma abu ɗaya yake maimaitawa: “Wurin nan ya cinye nawa. Kunne biyu suka rage a gidan nan, ba zan kai masa su ba.”

Na ce, “Nawa ne! Inda na ga dama zan kashe su!”

Ya ce, “Ba na ji.” Wannan kam ya ji, na ga idonsa.

A ƙarshe dai na gaji da shi ko ya gaji da ni, ya ce to, yini ɗaya, a gwada.

Na yi shiri kamar mai zuwa biki. Tun a mota nake gaya wa kaina, ko sama za ta faɗo ba zan motsa ba, domin na san idonsa yana kaina. Muka isa da hantsi. Ɗakin ƙarami ne, yana warin mai da ƙarfe, bango ɗaya ne tsakaninsa da filin harbi. Da safen ba kowa, shiru. Malam ya ɗaura gyautonsa na aiki mai kare riga, ya zauna a gabana, ya fara zubawa. Aiki ya tafi kamar a gida, har ya fi, don ba fargabar ƙofa. Usta ya kawo mana shayi da kansa yana cewa yau ɗakinsa ya yi amarya. Na ga Malam yana nuna mini inda yake shanya, inda yake ajiye goga, kamar yaro yana nuna gonarsa. Na ce a raina, shi ke nan, mun tsira.

Bayan azahar masu harbi suka fara zuwa.

Ni a fim kawai na san ƙarar bindiga. Ban san tana shiga ta haƙori ba. Ta farko da aka yi, tiren da ke cinyata ya yi tsalle. Usta ya leƙo ya miƙo mini abin toshe kunne, ya ce in sa, in an tsagaita in cire mu yi aiki. Amma ba a tsagaitawa yadda za ka sani. Ka cire, ka kasa kunne, ka buɗe shi iyakar buɗewa don ka ji 'yar muryar tagulla, sai a saki wata a daidai lokacin. Na ajiye abin a gefe. Na matse gwiwar hannuna a haƙarƙari, na damƙe bakin hijabina, ina salati a zuci. Fuskata na riƙe ta, wallahi na riƙe. Har murmushi na yi. Kafaɗun ne suka ƙi.

Malam ya tsaya da zubawa. Ya ce, “Yanzu aka yi?”

Na ce, “Me?”

“Harbi.”

Na girgiza kai, na ce ban ji komai ba. Ban rufe baki ba aka sake, kafaɗuna suka tashi. Aka sake, suka tashi. Aka jero wasu da sauri, suka yi ta rawa kamar ba nawa ba. Yana zaune da kwanso a tafinsa yana kallo. Mutumin da ya daɗe bai ji harbi ba, ran nan ya gan shi a jikina, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce a hankali, “Haka ake yi duk yini? Na manta.”

Da aka ɗan yi shiru na ce, “Zuba, zuba mu ci gaba.” Ya zuba. Sai na ji wani siririn kuka a cikin kaina, kamar gyare ya shige mini kunne, muryar tagullar tana can bayansa. Ban tabbata ba. Kuma abin nan ba a cewa wataƙila, hannun mutum ne a gaba. Na ce, “Sake zubawa.”

Tun da na iya aikin ban taɓa cewa ya sake ba.

Bai sake ba. Ya mayar da kwanson cikin tire a hankali, ya ce, “Kuka yake yi, ko? Siriri.” Ya ce, “Haka nawa ya fara.”

Ya miƙe ya kwance gyauton, ya ninke shi ya ɗora a kan kujera. Ya ciro abin toshe kunnen da ke wuyansa ya ɗora mini a kan hijabi, ya danna da tafukansa biyu. Sai duniya ta yi nisa. Ina gani ya je wurin Usta, bakinsa ya motsa, Usta ya ɗaga hannuwa yana magana, Malam ya girgiza kai. Suka rungume juna, tsofaffi biyu, Usta yana bubbuga bayansa. Ban ji abin da suka ce ba. A 'yan mintocin nan ne kawai na ɗanɗana inda mijina yake zaune shi kaɗai. Ya kamo hannuna a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba, muka fita. A mota na yi ta magana, ina cewa gobe zan saba, kowa ma da haka yake farawa. Ya juya fuskarsa ga taga.

Bai sake komawa ba. Ni na kama dafa wa ɗalibai abinci, tuwo da ɗanwake, ana zuwa ɗauka daga Darrasa, 'yata da mijinta suna taimakawa, ba mu kwana da yunwa ba. Amma abin da na ji tsoro shi ya faru. Ya je wurin masu tagulla na tsohon gari neman aiki, suka girmama furfurarsa suka ba shi shayi, suka sallame shi. Ya gyara duk abin da ke gidan har ya rasa na gyarawa. Sai ya koma zagaye, daga ɗaki zuwa baranda, daga baranda zuwa ɗaki, hannuwansa suna motsi kamar yana zuba wani abu daga tafi zuwa tafi. Tuwo ya koma rabi, rabin ya koma loma. Ko sau ɗaya bai ce ya yi nadama ba. Ni ce nake yi masa gori in raina ya ɓaci, in ce ga abin da taurin kan Kanawa ya jawo. Sai ya nuna kunnena da yatsa ya ce, “Suna nan?” In ce suna nan. Ya ce, “To.”

Daga baya, da ƙafa ta yi rauni, sai ya samo mini sabon aiki. Mu zauna a baranda ya ce, “Badamagara, me gari yake cewa?” Sai in faɗa masa, ina buɗe baki sosai don ya gani. Mai sayen tsofaffin kaya yana kira. Wani direba yana zagin wani. Maƙwabciya tana yi wa mijinta faɗa a kan ya sayo kifi mai wari. Ya ce, “Me ya ce mata?” In ce bai ce komai ba. Ya ce, “Mai hankali. Ko shi ma ya kurumce?” Lokacin salla kuwa, duk masallatan unguwar su ɗauka a tare har gilashin taga yana rawa, shi bai sani ba sai na taɓa gwiwarsa. Ya daina duba agogo gaba ɗaya. Ya ce hannuna ya fi agogo.

Mutane suna ce mini ya yi mini gata, kuma gaskiya ne. Ga ni yau ido ya yi rauni, gwiwa ta tafi, amma kunnena garau. Ina jin kukan jikokina tun daga ƙasan bene, in san wane ne. Sai dai ban san ko ciniki ne mai kyau ba, kuma ba a tambaye ni ba kafin a ƙulla. Na so in ba shi, shi kuma ya ƙi karɓa, kowannenmu yana ganin shi ne mai gaskiya, har aka rabu ba wanda ya sauko. Abin da na koya kaɗan ne: wanda yake son ka yana iya ƙin kyautarka, kuma ƙin ya fi kyautar nauyi. Har yanzu in wani ya zuba makullai a kan tebur sai na tsinci kaina na kasa kunne, ina neman mai mura a cikinsu, in ɗago kai in faɗa wa wanda ba ya nan. Sai in tashi. Zama ba ya yiwuwa bayan wannan.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba, kuma a gida ya yi shi, ya ƙi asibiti. Ranar, bayan azahar ce, na jawo kujera kusa da gadonsa ina tsintar shinkafar ɗalibai. Aka kira la'asar, na miƙa hannu na taɓa gwiwarsa. Na sake taɓawa. Na ajiye tiren na girgiza shi da hannu biyu, ina kiran Bakano, Bakano, da ƙarfin da maƙwabciya ta ji ta shigo da gudu ba ko mayafi.

Kafin nan da kaɗan ya buɗe ido ya daɗe yana kallon fuskata, irin kallon da yake cewa na aiki ne. Ya gyara kansa a kan matashi, ya ce:

“Badamagara, zan ɗan rufe ido. In an kira salla, ki taɓa ni.”